Gidan Hohenzollern: asali ne ya ɗaga su ko iya ciniki?

Sarkin Gardama:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya a gidan kallo muka yi ta musu da wani abokina har aka tashi ba mu rabu ba. Tutar Jamus baƙi ce da ja da ruwan zinariya, amma 'yan ƙwallonsu farar riga suke sawa da baƙin wando. Ina farin ya fito? Shi ya ce zaɓin kamfanin da ke ɗinka musu ne kawai. Ni ban yarda ba, sai dai ba ni da hujja. Masu tarihi ku fitar da ni kunya.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Je ka gaya wa abokinka ya sha ƙasa. Fari da baƙi launin Prusiya ne, daular da ta haɗe kan Jamus a 1871, kuma launin gidan da ya mulke ta, gidan Hohenzollern. Lokacin da aka kafa hukumar ƙwallon Jamus a 1900 ɗan wannan gida ne a kan gado. Sarauta ta tafi a 1918, tuta ta canza, riga ta yi zamanta.

Tunda ka sosa mini inda yake ƙaiƙayi, bari in ƙara. Tambarin gidan na asali ba shi da wani ado: garkuwa ce aka raba gida huɗu, biyu fari biyu baƙi, a harɗe kamar gidan dara. Tun 1248 ake ganinsa a hatiminsu. Amma babban tambarin Prusiya na 1873 gidajensa sun kai kusan 50, da zakuna da mikiyoyi da dawakai. Ni a wurina wannan tambari littafin ciniki ne. Kowane gida a cikinsa ƙasa ce da suka samu ta aure, ko suka saya, ko suka gada, ko suka ƙwata. Ba tsufan asali ya ɗaga su ba.

Ɗaliba a Jamus:
Malam, sannu da ƙoƙari. Ni a Tübingen nake karatu, dutsen da suka samo sunan ba shi da nisa da mu, kusa da garin Hechingen. Na hau sau biyu. Tsayinsa mita 855, fadar tana can bisa kamar an ɗora hula. Zollern sunan dutsen ne, "hohen" kuma na nufin mai tsayi. Abin da ya ba ni mamaki, ginin da ake ɗauka a hoto ba tsoho ba ne. Na uku ne. Na farko biranen yankin ne suka yi masa ƙawanya wata goma suka rushe shi a 1423. Na biyu aka fara a 1454, ya lalace da kansa. Wannan na yanzu tsakanin 1850 da 1867 aka gina shi, da gangan aka yi masa kamar na zamanin da. Ganuwar Kano ta girme shi nesa ba kusa ba.

Da ka shiga akwai wani zaure da aka zana bishiyar zuri'arsu a bango, tun daga ƙasa har rufi. Wuyana sai da ya yi ciwo.

Baba Mai Rediyo:
Malam, ban yarda da kai ba. Ba a sayen asali a kasuwa. Gidan da zai ƙirga kakanninsa kusan shekara dubu, uba bayan uba, a rubuce, ka ce littafin ciniki? Mu nan mutum nawa ne zai wuce kaka na biyar bai fara inda-inda ba? Kowa ya yi ciniki, Yahudawan Frankfurt sun yi, attajiran Augsburg sun yi, amma ba su zama Kaisa, wato sarkin Jamus, ba.

Tsohon Malami:
Baba, Allah ya ƙara girma. Mu duba abin da ke rubuce ɗin. Farkon ambaton gidan layi ɗaya ne tak a littafin tarihin wani malamin coci, Berthold na Reichenau, a ƙarƙashin shekarar 1061: an kashe Burkhard da Wezil na Zollern. Shi ke nan. Bai faɗi ubansu ba. Ka ga gidan da gawa biyu ya shiga tarihi.

Da suka yi ƙarfi sai suka ga 1061 ta yi musu kusa. Marubutan fada suka samo musu wani kaka wai shi Tassilo a zamanin Sarki Charlemagne, wasu suka jona su da gidan Colonna na birnin Rum. Masana tarihi na yau duk sun zubar da waɗannan. Kuma ba su kaɗai ba ne, cutar gidajen sarauta ce ko'ina. Mu ma in an tashi ba da salsala ai sai an leƙa gabas kafin a dawo gida.

Sarkin Gardama:
Ni ma daga yau Bagadaza ne asalinmu. A rubuta.

Shugaban Zaure:
Ƙanena, a bar barkwanci ya huta, manya na magana.

Tsohon Malami:
To ga matakalar da suka hau. Ta farko aure. Friedrich na Zollern ya auri Sophia, 'yar gidan Raabs, wadda mahaifinta ke riƙe da ganuwar Nuremberg a madadin sarkin daula, wato Daular Rum Mai Tsarki ta Jamusawa, kuma bai bar ɗa namiji ba. Wajen 1192 muƙamin ya faɗo hannun suruki. 'Ya'yansa biyu suka raba gado, gida ya zama reshe biyu: ɗaya ya zauna a tsohon dutse a ƙasar Swabiya, ɗaya ya riƙe Nuremberg. Daga nan zaki ya shigo, baƙin zaki mai jan kambi a kan ruwan zinariya, an kewaye shi da ja da fari.

Ta biyu siyasa. Friedrich na shida na Nuremberg ya tsaya wa Sigismund har aka zaɓe shi sarkin Jamusawa a 1410. Tukuici: aka tura shi riƙon Brandenburg a 1411, aka ba shi ita a 1415 a taron Konstanz, aka yi bikin naɗi a 1417. Brandenburg ƙasa ce mai rairayi da fadama, ba ta da wani arziki, amma mai ita yana cikin mutum bakwai masu zaɓen sarkin daula. Kun san darajar wannan kujera, ba sai na yi wa Bahaushe bayanin masu zaɓen sarki ba. Nan jar mikiya ta shigo tambari, da sandar mulki. Manyan ƙasar, musamman gidan Quitzow, suka raina shi, suna ce masa kayan wasan Nuremberg. A 1414 ya kawo igwa ya farfasa musu ganuwa, raini ya ƙare.

Amma Baba, ga wadda na ajiye maka. A saman kwalkwalin tambarinsu akwai kan karen farauta. Saye suka yi. A 1317 Friedrich na huɗu na Nuremberg ya biya Lütold na Regensberg azurfa mark 36 (mark ma'aunin nauyin azurfa ne) don a ba shi izinin ɗora wannan kan kare. Ka ce ba a sayen asali a kasuwa, to ga shi an sayi alamarsa, har da takarda.

Baba Mai Rediyo:
Kan kare! Duk dabbobin duniya su rasa abin saye sai kare?

Ɗaliba a Jamus:
Baba, a wurinsu karen farauta abin alfahari ne, don farautar manyan namun daji ta sarakuna ce, talaka bai isa ba. Kamar yadda doki yake a wurinmu.

Baba Mai Rediyo:
Na ji, 'yata. Amma Malam, wanda ya sayar ɗin ma ai ɗan babban gida ne, kuma ba zai sayar wa mahauci ba. Sai da suka kasance wasu kafin a yi ciniki da su. Sophia ɗin ma ba a tsinci mijinta a hanya ba.

Tsohon Malami:
Wannan gaskiya ne, na karɓa. Asali ya shigar da su kasuwar. Amma irinsu a Swabiya lokacin sun fi a ƙirga, yau wa ya san sunansu?

Uwar Biyu:
Ni tambayata ta jahilci ce, a yi haƙuri. Shi wannan tambarin meye amfaninsa tun farko? Ado ne kawai?

Tsohon Malami:
Hajiya, ba jahilci ba ne. A ƙarni na 12 mayaƙan Turai suka fara rufe fuska ruf da kwalkwali, ga sulke har ƙafa. In an gwabza ba ka gane naka. Sai kowa ya zana alama a garkuwarsa. Daga baya ɗa ya gaji ta uba, ta koma hatimi, ana buga ta a takardar fili da ta aure da ta bashi. Mutumin da bai iya karatu ba yana gane ta.

Suna da ƙa'idoji. Fari a wurinsu azurfa ne, rawaya zinariya, waɗannan biyun ana kiransu ƙarafa. Sauran, ja da baƙi da shuɗi da kore, su ne launuka. Ba a ɗora launi kan launi ko ƙarfe kan ƙarfe, don a hango daga nesa. Shi ya sa jar mikiya take kan fari, baƙin zaki kan rawaya. Sannan dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ne, ba na mai kallo ba. In aka ce gidan farko na Zollern fari ne a sama ta dama, kai mai kallo a hagunka za ka gan shi. Ɗalibai da yawa nan suke faɗuwa.

Uwar Biyu:
Ashe tsagarsu ce. Mu a fuska, su a garkuwa.

Ɗan Garwa:
Hajiya, ni na fi ganinsa kamar kirari. Tsaga ba ta ƙaruwa, yadda aka yi maka ranar suna haka za ka mutu da ita. Amma kirarin sarki in ya ci gari sai maroƙa su ƙara baiti. Na Malam mai gida 50 ɗin nan ai kirari ne da aka zana.

Uwar Biyu:
To garkuwar fari da baƙin ita ce tsagar, sauran tarkacen kirari. Mun raba.

Ɗaliba a Jamus:
Malam, da izininka in ɗan yi gyara kan maganar riga. Fari da baƙin Prusiya ba daga Zollern kaɗai ya fito ba. Kafin su zo, ƙasar Prusiya tana hannun wata ƙungiyar mayaƙan coci ta Jamusawa, masu farar alkyabba da baƙin gicciye. Launin ya zo ɗaya ne kawai, sai ya yi musu daidai.

Tsohon Malami:
Madalla da gyara, haka ne. Kuma labarin ya ƙara mini hujja. Albrecht, ɗan gidan daga reshen Ansbach, an zaɓe shi shugaban wannan ƙungiya a 1511. Shugabancin ba na gado ba ne, amana ce, ko aure ba a yarda ya yi ba. A 1525 ya bi koyarwar Martin Luther, ya ajiye alkyabba, ya mai da ƙasar ƙungiya tasa ta gado, ya je Krakow ya durƙusa gaban kawunsa Sigismund sarkin Folan ya yi mubaya'a. Tambarin da aka ba shi baƙar mikiya ce mai kambi a wuya da harafin S a ƙirji, harafin farko na sunan ubangidansa. Mikiyar da daga baya Turai ke jin tsoro, da lambar wani a ƙirji ta fara, kamar saniyar da aka yi wa lamba. A 1618 reshen ya ƙare ba ɗa namiji, 'yan'uwansu na Brandenburg suka gada.

Har sarautar ma sai da aka yi ciniki. A cikin daula ba a yarda su kira kansu sarki ba, amma Prusiya tana wajen iyakarta. Friedrich, mai mulkin Brandenburg a lokacin, ya yi wa sarkin daula na Vienna alkawarin sojoji, aka ƙyale shi. Ranar 18 ga Janairu 1701 a Königsberg ya ɗora wa kansa kambi da hannunsa. Sharaɗin shi ne a ce masa sarki "a" Prusiya, ba sarkin Prusiya ba. Sai 1772 suka iya cire wannan ɗan harafin. Königsberg ɗin yau tana hannun Rasha, sunanta Kaliningrad.

Lauyan Zaure:
Na daɗe ina karatu shiru. Baba ya ce asali, Malam ya ce ciniki, ni kuwa na ce rabon gado ne ya raba gardama, kuma hujjata tana cikin gidan. Reshe biyu ne, jini ɗaya, tambari ɗaya. Na Swabiya a 1576 suka yanka 'yar ƙasarsu gida uku, Hechingen da Sigmaringen da Haigerloch, kowane ɗa da fadarsa da dogarinsa. Na Brandenburg kuwa tun 1473 Albrecht Achilles ya rubuta cewa Brandenburg ta babban ɗa ce, ƙanana su je Ansbach da Kulmbach. An taɓa karya wannan a 1535, aka yanka wa wani ƙane yanki, sai Allah ya sa bai haifi namiji ba, a 1571 ƙasa ta sake haɗewa. Sakamako: a 1849 sarakunan Hechingen da Sigmaringen suka miƙa mulkinsu ga 'yan'uwansu na Berlin, suka koma cin fansho.

Ku ƙara da tsawon rai. Daga 1640 zuwa 1786, shekara 146, mutum huɗu kacal suka hau gadon. Ba rikicin yaro ƙarami a kan karaga, ba yaƙin 'yan uba.

Baba Mai Rediyo:
Lauya, kai komai sai ka kai shi kotun gado.

Lauyan Zaure:
Baba, abin da na gani ne a aiki. Gonar da aka raba wa mutum tara, jikoki fili za su nema a wani gari.

Ɗan Zango:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina jin ana ta lissafin aure da gado, ba a zo kan namu ba. Na farkon mutum huɗun da Lauya ya ambata, Friedrich Wilhelm, har gaɓar tekunmu ya aiko. A Princes Town, yamma da Takoradi, akwai ganuwar dutse da mutanensa suka kafa ranar 1 ga Janairu 1683, suka sa mata Gross Friedrichsburg. Na je na gani da idona, tana nan tsaye. Jar mikiyar da Malam ke ta yabo ita ce a tutar da suka kafa a wurin. Zinariya suka zo nema, suka ƙare da fataucin bayi zuwa tsibirin St. Thomas. Jikansa ya ga ba riba ya sayar wa mutanen Holan a 1717. Amma wani attajirin wurin, John Konny, ya hana su shiga, ya riƙe ganuwar har 1724.

Malam, a littafin cinikin naka a wane gida aka zana wannan?

Tsohon Malami:
Ba a zana ba, ɗan'uwa. Kuma ban yabi mikiya ba, bayani na yi. Amma tambayarka ta zauna daram. Tambari abin da mai shi ke so a gani yake nunawa.

Ɗan Garwa:
Tunda an buɗe wannan ƙofa bari in shigo. Mu a Kamaru ba labarin nesa ba ne. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 a zamanin Wilhelm na ɗaya aka yi shi. A zamanin jikansa Wilhelm na biyu sojojin Jamus suka ci Garwa a 1901, suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Marwa a Janairun 1902, bayan Ingilishi sun riga sun fitar da shi daga Yola. Haka Adamawa ta rabu biyu, har yau dangi na tsallaka iyaka don zuwa biki. Sansanin Jamusawa na ƙarshe a dutsen Mora sai Fabrairun 1916 ya miƙa wuya.

Kuma maganar tambari: a 1914 an zana wa Kamaru nata, kan giwa a kan ja, da baƙar mikiya a sama. Yaƙi ya ɓarke kafin a fara aiki da shi. Sannan gadon sarautar Bamun, wanda aka yi wa ado da duwatsun wuya, Sarki Njoya ya aika wa Wilhelm na biyu a 1908. Jamusawa suka ce kyauta ce. Kyautar da mai bindiga ya nuna yana so, ku kuka san sunanta. Yau yana Berlin a cikin fadar Hohenzollern da aka sake ginawa aka mai da ita gidan tarihi.

Baba Mai Rediyo:
Duk da haka a faɗi alherin mutum. Wilhelm ɗin nan ya je Dimashƙu a 1898, ya ziyarci kabarin Salahuddin, ya ce shi abokin Musulmin duniya miliyan 300 ne. Ya gina wurin shan ruwa a Istanbul, yana nan. Wane sarkin Turai ya yi haka?

Ɗan Garwa:
Baba, da girmanka. Shekara uku da 'yan watanni bayan wannan jawabi bindigoginsa suka zubar da mahayan Fulani a Marwa. Su ba sa cikin miliyan 300 ɗin? Abota ce da Sarkin Musulmin Istanbul don a ba Ingila haushi a kuma samu kwangilar layin dogo zuwa Bagadaza.

Sarkin Gardama:
Kuma Sarauniya Victoria ta Ingila kakarsa ce ta wajen uwa, ko ba haka ba Malam? Ashe yaƙin duniya na ɗaya rikicin 'yan'uwa ne aka jawo mu ciki.

Tsohon Malami:
Kakarsa ce. Shi da Sarki George na biyar ɗan mace da ɗan namiji ne, abokan wasa a al'adarmu. Amma kar ka mai da yaƙin faɗan gida, dalilansa sun fi haka yawa.

Kar mu manta da reshen Swabiya, don Lauya ya binne su da wuri. Su Katolika suka zauna, 'yan Berlin suka koma Furotesta tun 1539. Bayan sun rasa mulki a gida sai suka shiga fitar da 'ya'ya waje. Karl na Sigmaringen aka ɗauka ya mulki Romaniya a 1866, ya zama Sarki Carol na ɗaya a 1881, garkuwar fari da baƙi ta shiga tsakiyar tambarin Romaniya da takensu na Latin mai ma'anar ba komai sai da Allah. Yayansa Leopold aka yi wa tayin gadon Sifen a 1870. Faransa ta ce ba za ta kwana da Hohenzollern gabas da kudu ba. Leopold ya janye, amma Bismarck, firaministan Prusiya, ya taƙaita wata wayar tangaraho daga garin Ems yadda za ta harzuƙa kowa, yaƙi ya tashi, Faransa ta sha kashi. Ranar 18 ga Janairu 1871, shekara 170 cif bayan naɗin Königsberg, aka yi shelar Wilhelm na ɗaya a matsayin Kaisa a fadar Versailles, cikin gidan wanda aka ci da yaƙi.

Baba, a nan kam ka samu maki. Romaniya da Sifen ba kuɗi suka gani ba, suna suka gani.

Baba Mai Rediyo:
Alhamdu lillahi, yau Malam ya sauko.

Lauyan Zaure:
Bai daɗe ba dai. Kaisa uku kacal aka yi, kuma a 1888 duka ukun suka zauna kan gadon a shekara ɗaya: tsohon ya rasu, ɗansa Friedrich na uku ya yi kwana 99 cutar dajin maƙogwaro ta ɗauke shi, jika ya hau. A Nuwamban 1918 jikan ya tsere Holan, ya zauna a Doorn yana saran itace har ya mutu a 1941. Na Romaniya, Michael, 'yan gurguzu suka tilasta masa sauka ranar 30 ga Disamba 1947. A wannan shekarar ce ma ƙasashen da suka ci yaƙi suka soke Prusiya kanta da doka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na lauya shi ne tsarin mulkin 1919. Bai hana kowa sunansa ba, sai ya ce laƙabin sarauta ya zama ɓangaren suna kawai. Shugaban gidan na yanzu, Georg Friedrich, an haife shi 1976, "Yariman Prusiya" sunan mahaifi ne a takardunsa, kamar yadda za ka ga Bahaushe na amsa Galadima alhali ko unguwa bai riƙe ba.

Uwar Biyu:
To yanzu me suke ci?

Ɗaliba a Jamus:
Hajiya, har da kuɗin tikitina. Fadar dutsen tasu ce har yau, kashi biyu cikin uku na reshen Prusiya, kashi ɗaya na reshen Swabiya. Mutane na tururuwa. A ciki akwai kambin Wilhelm na biyu, da wani ɗan gwangwanin taba da ya tare harsashi a jikin sarkin Prusiya Friedrich Babba a yaƙin Kunersdorf a 1759.

Lauyan Zaure:
Sun kuma yi shekaru suna neman diyyar kadarorin da Rasha ta ƙwace a gabashin Jamus bayan 1945. Matsalar ita ce dokar 1994 ta hana diyya ga wanda ya ba 'yan Nazi gagarumin taimako, shi kuwa babban ɗan Kaisa, Wilhelm, ya fito fili ya goyi bayan Hitler a zaɓen 1932. Masana tarihi suka yi ta kai ruwa rana kan ko taimakon nasa ya kai gagarumi. A 2023 Georg Friedrich ya janye ƙarar. Ka ga asalin da Baba ke yabo, wani lokaci shi ne ke zama shaidar da ake karantawa a kanka a kotu.

Baba Mai Rediyo:
Ɗan kuka ne ya ja wa uwarsa jifa. Ni dai Friedrich Babba ɗin nake so a ba ni labarinsa, na sha jin sunansa a rediyo.

Tsohon Malami:
Wannan sai an ware masa rana, Baba. A taƙaice: ubansa ya sa an sare kan amininsa Katte a gabansa a 1730 don sun yi yunƙurin gudu. Ya hau a 1740, ya ƙwace Silesiya daga hannun Ostiriya, ya mutu 1786 bai bar ɗa ba, ɗan ƙanensa ya gaje shi. Don haka duk masu amsa sunan gidan yau ba wanda ya fito daga tsatsonsa. Ya yi wasiyya a binne shi ba biki a lambun Sanssouci kusa da karnukansa. Aka ƙi, aka sa shi a coci. Lokacin yaƙin Hitler aka ɓoye akwatin gawar, a 1945 sojojin Amurka suka tsince shi a ramin haƙar gishiri, aka kai Marburg, a 1952 aka hau da shi dutsen Zollern. Sai 17 ga Agusta 1991 aka cika masa wasiyya, shekara 205 bayan mutuwarsa.

Ɗaliba a Jamus:
Na je kabarin. Dankalin turawa mutane ke ajiyewa a kai maimakon fure, don shi ya matsa wa manoma su shuka shi.

Sarkin Gardama:
Kare a kan kwalkwali, kare a gefen kabari. Baba, gidan nan naka dai da kare aka haɗa su.

Baba Mai Rediyo:
Yaro, ba gidana ba ne, ni Bagobiri ne, tsagata na fuskata ba wanda ya sayar mini.

Sarkin Gardama:
Allah ya huci zuciyar Baba. Yaya Ɗaliba, in kin sake hawa dutsen ki ɗauko mana hoton kan karen nan. Abokin nawa na tura masa duk bayanin, ya yarda da maganar riga, amma ya ce mark 36 ɗin sai ya gani.

Ɗaliba a Jamus:
Sai an yi hutu, kuma sai ƙanƙara ta sauka. Wancan karon a kan hanyar gangarowa na zame sau biyu.